Kama da wane ba ta wane: yadda shirin ProSAVANA ya mutu a arewacin Mozambik

A watan Yulin 2020 ma'aikatar noma ta ƙasar Mozambik ta fitar da wata 'yar gajeriyar sanarwa cewa shirin ProSAVANA ya zo ƙarshe. Ba a yi taro ba, ba a yanka ƙyalle ba. Wanda bai san labarin ba sai ya ɗauka wani ƙaramin aiki ne wa'adinsa ya cika. Alhali shekara goma sha ɗaya kafin nan, wannan shiri shi ne abin nunawa a duk inda aka zauna zancen yadda ƙasashe masu tasowa za su riƙa koya wa juna noma: Burazil za ta kawo ilimi, Japan ta kawo kuɗi, Mozambik ta ba da fili. An ce za a mai da arewacin ƙasar rumbun abinci. Babban kundin tsarin da za a bi a yi hakan har shirin ya mutu bai samu amincewa ba.

Ba kuɗi kaɗai suka kashe shi ba, ba kuma fari ko ambaliya ba. Don a gane abin da ya faru sai an fara da Burazil.

Abin da aka so a kwaikwaya

A tsakiyar Burazil akwai wani makeken daji mai ciyawa da gajerun itatuwa da ake kira Cerrado, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 2. Har zuwa shekarun 1960 manoman ƙasar ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙasar wurin tana da tsami, tana ɗauke da sinadarin alminiyom mai hana saiwa shiga, ga ƙarancin sinadarin fosfaras. Kiwon shanu ake yi a ciki, shi ma sama-sama.

A 1973 gwamnatin Burazil ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa. Masananta suka duƙufa a kan wannan ƙasa: a zuba farar ƙasa mai yawa ta kashe tsamin, a ƙara fosfaras, a samar da irin waken soya mai jure yanayin ƙasashe masu zafi, tunda asalin waken na wurare masu sanyi ne, a kuma shafa wa irin wasu ƙwayoyin halitta da ke ɗebo masa sinadarin naitirojin daga iska don a rage sayen taki. Aikin shekara da shekaru ne. A 2006 an ba mutum uku da suka yi fice a wannan aiki, Edson Lobato da Alysson Paolinelli da Colin McClung, lambar yabo ta abinci ta duniya.

Japan kuwa tsoro ne ya kawo ta. A 1973 Amurka ta dakatar da fitar da waken soya na ɗan lokaci, ga shi mafi yawan waken da Japanawa ke ci daga can yake zuwa. Shekara ta zagayo, firaminista Kakuei Tanaka ya tafi Burazil, kuma daga wannan ziyara aka haifi shirin PRODECER, wanda ya gudana daga 1979 zuwa 2001, ya buɗe sama da hekta 300,000 da rancen Japan. Abin da ya biyo baya ya ninka haka sau da yawa. Yau Burazil ce kan gaba a duniya wajen noma waken soya da fitar da shi.

Wannan ne rabin labarin da aka ɗauko aka kai Afirka. Sauran rabin an bar shi a gida: kusan rabin dajin Cerrado ya tafi, filaye sun taru a hannun 'yan ƙalilan, kuma wurin da aka ce ba kowa akwai 'yan asalin ƙasa da jikokin bayi da ƙananan makiyaya da aka ture gefe.

Yadda aka ƙulla

Shekarun 2007 da 2008 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kowa ya shiga neman inda za a ƙara noma. A 2009 Bankin Duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka fitar da rahoto a kan yankin ciyayin da ya ratsa Afirka, mai faɗin hekta miliyan 600. Rahoton ya ce miliyan 400 daga ciki za su nomu, amma abin da ake nomawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Cerrado na cikin misalan da ya kafa, Mozambik kuma na cikin ƙasashe uku na Afirka da ya duba.

A watan Yulin wannan shekara, a gefen taron manyan ƙasashe takwas na G8 a L'Aquila ta Italiya, shugaban Burazil Lula da Silva da firaministan Japan Taro Aso suka amince su maimaita a Afirka abin da ƙasashensu suka yi tare. Watan Satumba aka sa hannu a Maputo tsakanin hukumomin tallafa wa ƙasashen waje na ƙasashen biyu, wato JICA ta Japan da ABC ta Burazil, da ma'aikatar noman Mozambik. Wurin da aka zaɓa shi ne zirin Nacala, wato yankin da hanya da layin dogo suka bi daga tashar jiragen ruwa ta Nacala zuwa iyakar Malawi. Daga baya aka tsayar da shi a kan gundumomi 19 cikin lardunan Nampula da Niassa da Zambezia, fili sama da hekta miliyan 10, mutane sama da miliyan 4. An raba aikin gida uku: bincike, rubuta babban kundin tsari, da aikin malaman gona.

Hujjar da aka fi maimaitawa taswira ce. Ka shimfiɗa taswirar duniya, ka ja layi daga Cerrado zuwa gabas, zai faɗa a kan arewacin Mozambik. Nisansu daga tsakiyar duniya ɗaya, damina da rani kusan ɗaya. Ga harshe ɗaya, tunda Fotugal ce ta mallaki ƙasashen biyu. Ga kuma zancen 'yan'uwantaka da Lula ya yawaita yi, cewa akwai bashin tarihi da Afirka ke bin Burazil saboda cinikin bayi. Ita ma gwamnatin Mozambik tana da nata dalilin gaggawa: a Satumban 2010 ƙarin kuɗin burodi ya ta da tarzoma a Maputo, aka rasa rayuka fiye da goma. Binciken lafiya na 2011 ya nuna kashi 43 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Nampula ma abin ya wuce rabi. Buƙatar kam ta gaskiya ce. Duk wanda ya ce ba a bukatar a taɓa noman arewacin Mozambik bai yi wa yaran nan adalci ba.

Gonar wa?

Sai dai taswira ba ta nuna mutane. Nampula da Zambezia su ne lardunan da suka fi ko'ina yawan jama'a a Mozambik. Ƙidayar 2017 ta nuna su biyu sun kwashe kusan kashi 40 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Mafi yawansu 'yan ƙabilar Makua ne da danginsu, masu gadon gona ta wajen uwa. Iyali na noma hekta ɗaya ko biyu da fartanya: rogo, masara, dawa, wake, gyaɗa, sai ɗan riɗi ko auduga ko yazawa na sayarwa. Taki sai wane da wane. Abin da ke riƙe da ƙarfin ƙasa shi ne hutu: a noma wuri 'yan shekaru, a bar shi ya zama saura, a koma wani gefen.

A nan gizo ke saƙar. Mai kallo daga jirgin sama, ko daga hoton tauraron ɗan'adam, in ya ga saura sai ya rubuta "fili ba kowa". Manomi kuwa ya san ta wane ce, ya san shekarar da za a dawo mata, a can matarsa ke itace, a can ake samo magani da naman daji, wani lokaci a can kakanni ke kwance. Ƙasar wurin ma ba irin ta Cerrado ba ce. A wurare da yawa ta fi ta albarka, shi ya sa mutane suka cika ta tun tuni. A Burazil gwanintar da aka nuna ita ce rayar da ƙasar da aka raina. A Nacala ƙasa mai kyau tana da masu ita, inda kuma ya rage da sauƙin jama'a, kamar cikin Niassa, ya yi nisa da kasuwa da hanya.

Doka ma tana gefen manomi, aƙalla a takarda. Tsarin mulkin Mozambik ya ce ƙasa ta hukuma ce, ba a sayar da ita. Dokar filaye ta 1997 ta ba mutum haƙƙin amfani da fili, wanda ake kira DUAT, ko da ba shi da takarda ko ɗaya, muddin ya gaje shi bisa al'ada ko ya zauna a kai shekara goma da kyakkyawar niyya, kuma shaidar baki ta maƙwabta ta isa. Mai zuba jari zai iya samun hayar shekara 50, amma sai an tuntuɓi jama'ar wurin. Dokar tana da kyau. Yadda ake yin tuntuɓar ne matsala: zama ɗaya a gindin bishiya, alkawarin makaranta da rijiya da aikin yi, sai a sa hannu.

Mutanen nan kuma ba yau suka fara ganin baƙo da tsari ba. Zamanin mulkin Fotugal an tilasta musu noman auduga. Bayan samun 'yanci a 1975 aka kwashe su zuwa ƙauyukan gama-kai. Sai yaƙin basasa da bai ƙare ba sai 1992. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Maganar da ta fito daga bakin masu shirin

Abin mamaki, ba 'yan adawa ne suka fara ɓata sunan ProSAVANA ba. A Agustan 2011 jaridar Folha de S.Paulo ta ba da labarin cewa ministan noman Mozambik na lokacin, José Pacheco, yana gayyatar manyan manoman Burazil su zo su karɓi fili, har hekta miliyan 6, a kan hayar da ba ta taka kara ta karya ba. A cikin labarin shugaban ƙungiyar masu noman auduga ta jihar Mato Grosso, cibiyar manyan gonakin Burazil, ya kwatanta Mozambik da Mato Grosso a tsakiyar Afirka: fili kyauta, ba takurar dokokin muhalli sosai, ga sauƙin kuɗin dako zuwa ƙasar Sin. A 2012 kuma aka ƙaddamar da Asusun Nacala mai burin tara dala biliyan 2 daga masu zuba jari, kuma cibiyar da ta tsara asusun, FGV Projetos ta Burazil, ita ce ke cikin masu rubuta babban kundin shirin. Hukumomi sun dage cewa asusun daban, shirin daban. Ko da haka ne, mai rubuta dokar kasuwa ya kasance yana da rumfa a cikinta ba abin da zai kwantar wa kowa hankali ba ne.

Ga kuma layin dogon kansa. Kamfanin Vale na Burazil ne ke haƙar kwal a lokacin a Moatize da ke lardin Tete, shi ya gyara ya kuma ƙara layin mai tsawon kilomita sama da 900 da ya bi ta Malawi zuwa Nacala, daga baya kamfanin Mitsui na Japan ya shigo a matsayin abokin tarayya. Manomi ba ya bukatar digiri kafin ya haɗa lissafin: ƙasashen da ke da jirgin ƙasa da tasha su ne kuma ke son a noma kayan fitarwa a gefen layin. A daidai lokacin nan, a yankin Lioma na gundumar Gurue, wasu kamfanonin waken soya sun riga sun karɓi dubban hektoci, iyalai sun rasa gonaki. Kamfanonin ba a ƙarƙashin ProSAVANA suke ba. Amma ga wanda aka tasa daga gonarsa, da wannan takarda da waccan duk kanwar ja ce.

A Oktoban 2012 ƙungiyar ƙananan manoma ta ƙasa, UNAC, ta fitar da sanarwa daga Nampula tana ƙorafin cewa ana shirya makomar mambobinta ba tare da an gaya musu komai ba. Sai abin da ya fi ba ni sha'awa a duk labarin: kafin shekarar ta ƙare, wakilan manoman Mozambik suka hau jirgi suka tafi Mato Grosso, ƙungiyoyin ƙananan manoman Burazil suka zagaya da su. Suka ga waken soya iya ganin ido, ba gida, ba bishiya, jiragen feshi na shawagi. Suka ɗauko hoton bidiyo suka dawo suna nunawa a ƙauyuka. Shirin da aka kafa don ilimi ya ƙetara teku daga Burazil zuwa Mozambik ya samu abin da yake so, sai dai ba ilimin da aka yi niyya ba ne ya riga isowa.

A Afrilun 2013 wani daftarin babban kundin ya fita ta bayan fage. A ciki an yanka yankin shiyya-shiyya, an ware wa kowace abin da za ta noma. A gundumar Majune ta Niassa an zana gonaki tara, kowacce hekta 5,000, a hannun kamfani guda. An kuma ba da ƙarfi a kan raba manoma da noman ƙaura, a tsayar da kowa wuri ɗaya, a yi masa rajistar abin da yake nomawa. A ido wannan kariya ce. Amma in aka yi wa mutum rajistar hekta biyun da ke ƙarƙashin fartanyarsa bana, saurar da ya bari ta huta ta zama ta wa? Ƙungiyoyin suka ce amsar a fili take. Hukumomi suka ce daftari ne kawai, ba matsayin gwamnati ba.

Ranar 28 ga Mayun 2013 ƙungiyoyi 23 na Mozambik suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaba Armando Guebuza na Mozambik, shugaba Dilma Rousseff ta Burazil da firaminista Shinzo Abe na Japan, suna neman a dakata a zauna a yi magana. An kai ta Japan daidai lokacin taron TICAD na biyar, wato taron Japan da ƙasashen Afirka, a Yokohama. A kula, dakatawa suka nema, ba sokewa ba. An shafe sama da shekara kafin su ga amsa a rubuce, kuma kafin nan, a Yunin 2014, sun riga sun ƙaddamar da gangamin "A'a ga ProSAVANA". A ganina a cikin wannan shekara guda aka yi asarar shirin.

Gyaran da ya zo a makare

Gaskiya ita ce an sake rubuta kundin. Daftarin 2015 ya sa ƙananan manoma a gaba, ya rage zancen manyan gonaki. Amma tarukan jin ra'ayin jama'a da aka yi a gundumomi sun sha suka: sanarwa a ƙurarren lokaci, kundi mai shafi ɗaruruwa cikin harshen Fotugal ga mutanen da Makua suke ji, jami'an gwamnati sun cika kujeru. A 2016 aka kafa wani dandalin ƙungiyoyin farar hula don tattaunawa, wasu suka shiga, wasu suka ƙi. Sai takardu suka sake fita suna nuna an ɗauki kamfanin ba da shawara ya jera ƙungiyoyin da launi-launi, gwargwadon yadda kowacce ke adawa ko za ta lallasu. Abokan tafiya na jiya suka koma zargin juna.

A Afrilun 2017 mutum 11 daga yankin suka kai ƙara ga masu binciken ƙorafi na JICA. Masu binciken suka ce ba a karya ƙa'idojin hukumar ba, amma suka ba da shawarar a gyara yadda ake sauraron manoma. A Agustan 2018 kotun gudanarwa ta birnin Maputo ta ba ƙungiyar lauyoyin ƙasar gaskiya, ta umarci ma'aikatar noma ta buɗe wa jama'a bayanan shirin cikin kwana goma. A majalisar dokokin Japan ma an yi ta jefa wa JICA tambayoyi, domin ƙungiyoyin Japan sun riƙa tono takardu da dokar 'yancin samun bayanai ta ƙasarsu suna miƙa wa abokansu na Mozambik.

Kafin nan ma iska ta juya. Farashin waken soya da kwal ya faɗi daga 2014, manoman Mato Grosso da aka yi ta jira ba su zo da yawa ba, Asusun Nacala ya shiririce. Burazil ta faɗa matsin tattalin arziki, aka tsige Dilma a 2016, kuɗin taimakon ƙasashen waje ya ƙafe. A wannan shekara ce kuma asirin ɓoyayyen bashin Mozambik na kusan dala biliyan 2 ya tonu, masu ba da tallafi suka ja baya. Ƙasar da aka ce ita ce malama ta kusan ficewa daga aji, aka bar Japan riƙe da allo.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Da sunan ProSAVANA kansa ba a ƙwace miliyoyin hektocin da aka yi ta tsoro ba. Adadin hekta miliyan 14 da ya yi ta yawo a jaridu faɗin yankin da aka fara ambata ne, ba filin da aka ware wa baƙi ba, amma an sha ba da shi kamar an riga an miƙa. Sashen bincike ya bar ɗakin gwajin ƙasa a Nampula, an yi gwajin iri a tashoshin Nampula da Lichinga, an horar da ma'aikata. Kuma cikin manoma akwai waɗanda abin da ya dame su shi ne iri da rance da mai saye, ko daga hannun wa suka fito. Waɗannan ba su ci riba da mutuwar shirin ba. Sun dai tsira da gonarsu, fartanyar kuma tana nan yadda take.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Burazil na da wani darasin da ya fi dacewa, kuma tana da shi a hannu a lokacin. Ma'aikatun noma biyu gare ta a shekarun nan: ɗaya ta manyan 'yan kasuwar noma, ɗaya ta noman iyali. Ta biyun ce ke da hannu a shirin sayen abinci daga ƙananan manoma da aka fara a 2003, ga kuma dokar 2009 da ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta wajen saye daga gonakin iyali. Irin waɗannan matakai na cikin abin da ya fitar da ƙasar daga taswirar yunwa ta FAO a 2014. An kawo samfurinsu Mozambik a 2012, a lardin Tete, ƙarƙashin shirin PAA Afirka da ya haɗa da Habasha da Malawi da Nijar da Senegal. Sai dai gwaji ne ƙarami, kuɗinsa kaɗan, ba layin dogo a bayansa, ba asusun biliyoyi. A 2016 gwamnatin Michel Temer ta rushe ma'aikatar noman iyalin ma baki ɗaya. Sai a 2023 aka dawo da ita.

Da aka rufe ProSAVANA, gwamnatin Mozambik ta mai da hankali ga nata shirin, Sustenta, wanda aka fara gwadawa a Nampula da Zambezia a 2017 da kuɗin Bankin Duniya. Vale ya sayar da mahaƙar Moatize da layin dogon ga wani kamfani mai tushe a Indiya, jirgin kwal kuma bai daina wucewa ta gefen gonakin rogo ba. A cikin watan nan na Yulin 2020 da aka yi sanarwar rufe shirin, shugaban Mozambik na lokacin, Filipe Nyusi, ya buɗe zaman sake duba manufar filaye ta ƙasa, wadda dokar 1997 ta tsaya a kanta. Majalisar ministoci ta amince da sabuwar manufar a Nuwamban 2022, kuma ƙungiyoyin da suka yi shekara takwas suna fafatawa a kan zirin Nacala can suka kwashe takardunsu suka koma.